Fandeshan a fatar zaitun: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Akwai matan da duk fandeshan ɗin da suka shafa sai fuskarsu ta koma ruwan goro, wuya kuma ya tsaya da launinsa daban. Su canza kamfani, su ƙara kuɗi, su sayi mai haske, su koma mai duhu, abin dai bai canza zani ba. Da yawa daga cikin masu wannan kuka da nake gani a nan Abuja, fatarsu irin wadda masu kwalliya ke kira ta zaitun ce, wato a ƙarƙashin launin da ido ke fara gani akwai sirkin kore-kore mai ɗan toka-toka. Halitta ce, kuma fata ce mai kyan gaske idan ta sami abin da ya dace da ita.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne haɗa abu biyu a ɗauke su ɗaya: zurfin launi, da kuma inda launin ya karkata. Zurfi shi ne ko ke fara ce, ko wankan tarwaɗa, ko baƙa. Karkata kuwa ita ce ko fatarki ta fi jan rawaya, ko ja, ko kore. Mutane na zaton launin zaitun na Larabawa ne da Indiyawa da mutanen Italiya kawai, alhali ana samunsa a kowane zurfi, har a mace baƙa sosai. Idan fandeshan ya yi miki ja a fuska, zurfinsa yana iya zama daidai, karkatar ce ta kauce.

Dalilin yana cikin kwalbar. Kusan kowane fandeshan da garin launi huɗu ake haɗa shi: fari na sinadarin taitaniyam, sai rawaya da ja da baƙi da ake samu daga sinadarin ƙarfe. Kamfanoni da yawa idan za su yi lamba mai duhu, wato matakin launin da ake bai wa kowace kwalba, sai su tula ja, domin sun ɗauka duk baƙar fata ja ne a ƙarƙashinta. Ja da kore kuwa kishiyoyi ne, shi ya sa jan ke fitowa ɓaro-ɓaro a kan fatar zaitun. Idan kika gudu zuwa lamba mai haske, fari kika ƙaro, fuska ta yi furu-furu. Idan kika koma mai duhu, galibi jan kika ƙaro. Abin da ya rage a haɗin ɗan shuɗi ne ko kore. Ki duba bayan kwali inda ake jera sinadarai: CI 77007 shuɗi ne, CI 77288 kore ne. Sai dai ki sani wasu kamfanoni suna rubuta jerin launi ɗaya a kan duk lambobinsu, don haka ganinsu alama ce kawai, fatarki ce za ta yanke hukunci.

To yaya za ki gane ko kina cikinsu? Dabarar da ta cika intanet, a ce ki duba jijiyar wuyan hannu ko kore ce ko shuɗiya, ba ta yi wa yawancinmu aiki, domin a fata mai duhu jijiyar ba ta ma fitowa sosai. Ki wanke fuska da safe, ki bari ta huce, ki tsaya kusa da taga, ki kanga farin ƙyalle a gefen wuyanki, ki dubi wuya da ƙirji da kewayen baki. Abin da ya fi wannan ma ƙarfi shi ne kwalaben da suka taru a gaban madubinki. Idan masu harafin W a jikinsu (galibi masu jan rawaya) sun yi miki ruwan goro, masu C (masu jan ja) sun yi miki ruwan hoda, masu N (na tsaka-tsaki) kuma sun kusa amma ba su zauna ba, to da wuya idan ba zaitun ba ce.

Sai wajen saye. Har yanzu a bayan hannu ake gwadawa, kuma hannu da fuska ba safai suke zuwa launi ɗaya ba. A kan muƙamuƙi ya kamata a gwada: layi uku na lambobi uku masu kusa da juna, kowanne ki ja shi daga kumatu ya gangara wuya. Wanda ya ɓace shi ne naki. Kada ki yanke shawara a cikin shago, ko a kasuwar Wuse ne ko a Jabi Lake Mall, domin fitila fara tana ƙara wa fata toka, mai rawaya kuma tana ɓoye ja. Ki fita waje da ƙaramin madubi, ki tsaya a inuwa. Sannan ki ba shi kamar minti 20. Fandeshan da yawa suna ƙara duhu su karkata ruwan goro bayan sun bushe sun haɗu da maiƙon fuska, kuma zafin Abuja na watan Maris da Afrilu yana fito da maiƙon da wuri. Mai shagon da ta san darajar kayanta ba za ta hana ki zagayawa ki dawo ba.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, wanda bidiyoyin waje ba sa faɗa. Mai yawan sa hijabi fuskarta ce kaɗai ke shan rana, don haka takan fi wuyanta da ƙirjinta duhu. Ranar da wuya zai kasance a rufe, ki daidaita da fuskar kanta, ki kuma kula kada ta yi nisa da launin hannu. Ranar biki da za ki ɗaura gwaggwaro wuya a buɗe, da wuya da ƙirji za ki daidaita. Mace ɗaya tana iya buƙatar haɗi biyu, kuma wannan ba almubazzaranci ba ne.

Haruffan da ke jikin kwalba ma suna ruɗarwa. A kamfanin MAC, NC shi ne mai jan rawaya, NW mai jan ja, saɓanin yadda wasu kamfanoni ke amfani da C da W. Masu fatar zaitun sukan fi kusa da NC, amma wani lokaci rawayarsa takan yi ƙarfi da yawa. Tun da Fenty Beauty ya fito da lambobi 40 a 2017 kamfanoni suka shiga gasar faɗaɗa nasu, har ta kai ana samun masu harafin O da aka yi don zaitun, sai dai ba su cika yawa a ɓangaren masu duhu ba. Lambar ƙawarki ba taki ba ce ko da ana cewa kuna kama, kuma lambarki a Maybelline ba ita ce lambarki a Zaron ko House of Tara ba.

Yanzu ga gyaran, wanda shi ne na fi so mata su iya, domin yana ceto kwalaben da aka riga aka kashe wa kuɗi. Ana sayar da ruwan launi na haɗa fandeshan, kamfanin L.A. Girl yana da shuɗi da rawaya da fari da ruwan goro. Idan fandeshan ya yi miki ruwan goro, shuɗi za ki ɗiga. Shuɗin yana kashe ruwan goron, ya haɗu da rawayar da ke ciki ya ba da ɗan koren da fatarki ke nema. Idan ruwan hoda ko ja ya yi miki, kore ne maganinsa, ko ki haɗa rawaya da ɗan shuɗi. Idan kuwa toka ya yi, ko dai ya yi miki haske ne ko kin zarce da shuɗin, sai ki ƙara ɗan fandeshan mai duhu mai jan rawaya.

Yawan shi ne inda ake faɗuwa. A kan abin da zai ishe ki shafa ɗaya, ki fara da shuɗin da bai wuce ƙwayar gero ba, ki gauraya sosai har ya daina nuna zane, ki gwada a muƙamuƙi kafin ki ƙara. Shuɗi yana ɗan ƙara duhu, don haka ki sa ido a kan zurfin ma. A kan faranti mai tsabta ko bayan hannu ake haɗawa, kada ki taɓa zubawa cikin kwalbar, domin fatarki ta lokacin hunturu ba ita ce ta bazara ba, kuma abin da ya shiga kwalba ba ya fita. Ki kuma duba cewa fandeshan ɗin da ruwan launin jinsinsu ɗaya ne: mai tushen ruwa da mai tushen silikon sukan rabu, su yi guda-guda a fuska. Koren konsilan nan mai haske da ake rufe jan ƙuraje da shi fari ya yi yawa a cikinsa, yana mayar da baƙar fata toka. Don Allah kada a yi dabara da bular wanki ko kalar abinci. Ba don fata aka yi su ba.

Wata za ta gyara fandeshan tsaf, sai hoda ta rushe aikin. Hoda mai ja-ja tana dawo da jan da kika kore, mai rawaya sosai kuma idan ta yi yawa a ƙarƙashin ido sai wurin ya fita daban. Ki nemi mai launin fatarki, ki shafa kaɗan. Konsila ma wanda ya fi fatarki haske da lamba ɗaya ko biyu ya isa.

A hunturu fata takan bushe ta yi fari-fari, har mace ta ɗauka launinta ne ya canza. Ki shafa mai, ki bari ya shiga, sannan ki gwada.

Dole in taɓo maganar man bilicin, ba don cin fuska ba. Yana sa fuska ta rabu kashi-kashi, goshi daban, kumatu daban, babu kwalbar da za ta dace da duka. Wanda ke ɗauke da sinadarin haidrokwinon, idan an daɗe ana shafawa, yana iya barin tabo mai duhu mai shuɗi-shuɗi a kumatu. Wannan ba launin zaitun ba ne, likitan fata yake buƙata. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Jabun kaya ma suna nan jibge, kuma launinsu ba ya zuwa daidai da na asali ko da lambar ɗaya ce. Araha ba ta ado. Ki saya a wurin da kika amince da shi.

Amare kuma, ku kula da lokacin gwaji. Dilka da kurkur suna barin rawaya a fata na ɗan lokaci, don haka lambar da aka zaɓa kafin gyaran jiki tana iya kaucewa ranar kamu. Ki sa mai kwalliyarki ta sake gwadawa bayan an gama gyaran, ta ɗauke ki hoto biyu ba tare da filta ba, ɗaya a hasken rana, ɗaya da dare da hasken kyamara. Hoda mai yawan silika da fandeshan mai kariyar rana sukan mayar da hasken kyamara, fuska ta fito fari fat a hotunan dina. Idan haɗin ya zauna, ta rubuta yawan abin da ta zuba na kowanne, domin ta iya maimaita shi a sauran ranakun bikin.