Kurakuran masu gina shafi da ke bayyana idan aka kashe JavaScript

Na gaji da karɓar aikin masu koyon gina shafin intanet, in kashe JavaScript (yaren kwamfuta da ke sa shafi yin ayyuka) a burauza, sai in tarar da allo fari fat, babu ko harafi ɗaya. Uzurinsu kullum shi ne wai babu mai kashe shi yanzu. A shekarar 2013 masu kula da shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, sun auna, suka gano kashi 1.1 cikin ɗari na masu shigowa JavaScript ba ya yi musu aiki, kuma mafi yawansu ba su ne suka kashe shi ba, fayil ne bai sauka ba ko wani abu ya tare shi a hanya. To, ina ga mai amfani da burauzar waya ta Opera Mini a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa?

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne barin tantance bayanai a hannun burauza kaɗai, domin ni ma ya taɓa cin kuɗina. Na gina wa wata mai sayar da atamfa shafi, na bar lissafin farashi da adadin kaya ga JavaScript, uwar garke (kwamfutar da shafin ke zaune a kanta) kuwa tana karɓar duk abin da aka turo mata. Wani ya kashe JavaScript, ya sauya lambar da ke ɓoye cikin fom, ya yi odar turmi uku a kan naira ɗari, kuma sai da kaya suka fita muka farga. Daga aljihuna na biya. Tun daga ranar, ko sunan mutum ba na yarda da shi sai uwar garke ta sake dubawa, farashi kuma daga rumbun bayanai nake ɗauko shi. Duk wanda yake ɓoye shafin mai gudanarwa (admin) da JavaScript yana kiransa tsaro, ya sani labule kawai ya rataya a ƙofar da ba ta da kwado.

Ku daina mayar da div, wanda akwatin tsara shafi ne kawai, maɓalli. Ku yi amfani da button da mahaɗi na gaskiya, saboda makaho mai amfani da manhajar karanta allo irin NVDA ko TalkBack ya san abin da zai danna. Rubuta "kunna JavaScript" cikin noscript (wurin saƙon da ke bayyana idan JavaScript ba ya aiki) ba magani ba ne, musamman ga mai amfani da Tor, burauzar ɓoye sawu, wanda ya kashe shi don kare kansa. Ni dai da HTML zalla, wato ƙashin ginin shafi, nake farawa, sai fom ya aika saƙo lafiya kafin in ɗora sauran ado.