Yadda ake gane ƙarin huhu mai kama da ciwon kansa (daji) alhali ba kansa ba ne

Likitoci na kiran wannan ƙari sikilerosin numosaitoma. Ba kasafai ake ganin sa ba. Mafi yawan masu shi mata ne masu matsakaicin shekaru, galibi waɗanda ba sa shan taba, kuma an fi samun sa a gabashin Asiya. Yawanci ba ya ciwo. An je ɗaukar hoton ƙirji don wani dalili daban ne, sai a hango dunƙule guda, zagayayye, can gefen huhu. Kaɗan ne ke tari ko ganin jini a majina.

A fara da hoton CT tare da allurar ruwan da ke haska jijiyoyi. Abin da ake nema shi ne dunƙule mai santsin baki, sau da yawa bai wuce santimita 3 ba, wanda ke shan ruwan sosai. A tono tsofaffin hotuna a gwama, domin a hankali yake girma. Hoton PET kuwa, wanda ke haska inda ƙwayoyin halitta ke yawan cin sukari, yana iya ruɗarwa, don wani lokaci ƙarin yakan haska kamar ciwon kansa.

Hukunci na hannun mai duba nama a madubin ɗakin gwaji, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Ƙarin yana da fuska huɗu: wani wuri kamar 'yan yatsu, wani ya taurare kamar tabo, wani cunkus da ƙwayoyin halitta, wani kuma tafkunan jini. Allura ɗan ƙanƙani take ɗebowa, sai ta kawo fuska ɗaya kawai, a ɗauka kansar huhu ce ko ƙarin da ake kira kasinoid, wani nau'in kansa mai girma a hankali. Gwajin gaggawa na daskararren nama ana tsakiyar tiyata ma yakan faɗa wannan kuskure, har a yanke wa mutum huhu fiye da kima. Don haka a nemi iri biyu na ƙwayoyin halitta, masu shimfiɗe a sama da zagayayyu a ciki, sannan a yi wa naman rinin da ke nuna sunadaran da ke cikinsa. Iri biyun duka suna kama rinin sunadaran da ake kira TTF-1 da EMA. Idan rinin wasu sunadaran, kromogiranin da sinaptofaisin, ya kama sosai, a karkata ga kasinoid.

Rinin nan ne ma ya warware asalinsa. Da likitoci biyu, Liebow da Hubbell, suka bayyana shi a 1956, tafkunan jinin ne suka ja hankalinsu, suka ɗauka daga jijiyoyin jini yake, suka sa masa suna hemanjiyoma, wato ƙarin jijiyoyin jini. Daga baya TTF-1 ya nuna daga ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin huhu ya samo asali, tun ba su gama girma ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon sunan, sikilerosin numosaitoma.

Magani shi ne a cire shi da ɗan naman da ke kewaye. Jefi-jefi yakan kai ga kaluluwar kusa, amma ko a haka masu shi sukan warke, kuma da wuya ya dawo.