Kurakuran da aka fi yi wajen ciro tarkacen jirgin yaƙi mai jefa bam

Kuskuren da ya fi kashe tsohon jirgi shi ne a tsamo shi daga teku a bar shi ya bushe. Jirgin da ya shekara 70 a ruwa, gishiri ya ratsa kowace gaɓa ta jikinsa. Da iska ta same shi, alminiyam ɗin sai ya fara tashi fari-fari, ka taɓa da yatsa ya zube kamar gari. Shi ya sa da aka ciro jirgin Jamus samfurin Dornier Do 17 a gaɓar Kent ta Ingila a Yunin 2013, wanda aka harbo tun Agustan 1940, aka wuce da shi gidan tarihin jiragen sama da ke Cosford, aka sa shi cikin dogayen rumfunan leda, ana ta fesa masa ruwa mai sinadarin tsamin lemo wata da watanni. Ka tanadi wurin jiƙon kafin ka nemo abin ɗagawa.

Ɗagawar ma ana raina ta. Ana lissafi da nauyin jirgin ranar da ya fito daga masana'anta, a manta da laka da ruwan da suka cika cikinsa. A 1985, ƙarafan da aka ƙera don ɗauko jirgin Birtaniya samfurin Wellington daga tafkin Loch Ness na Scotland sun lanƙwashe a yunƙurin farko, sai da aka sake wasu.

Sai gaggawa, kuma ita ce ta fi ba ni takaici. Jirgin Amurka B-29 mai laƙabin Kee Bird ya yi saukar dole a arewacin Girinlan a 1947, sanyi ya adana shi kusan shekara 48. Wasu suka ce ba za su kwance shi ba, tashi za su yi da shi. Suka sa masa injina huɗu da sababbin tayoyi. A Mayun 1995, ana tuƙa shi a kan ƙanƙara, tankin wucin gadi na ƙaramin janaretan da ke bayansa ya tsiyayo da mai, wuta ta tashi, ya ƙone ƙurmus suna tsaye suna kallo. Da gunduwa-gunduwa aka kwaso shi, da yau yana gidan tarihi.

Izini kuwa, kada ka ce sai daga baya. Jirgin Amurka B-17 da aka ciro daga fadamar Papuwa Niyu Gini a 2006 ya maƙale a tashar ruwa ta Lae har 2010 saboda taƙaddama da hukuma. A Birtaniya, dokar 1986 ta hana taɓa tarkacen jirgin soja ba da lasisi ba, don sau da yawa matuƙan na ciki, wurin kabari ne.

Kafin shebur ya taɓa ƙasa, a kira masu kwance bam. Kuma kada kowa ya sa agogunan gaban matuƙi a aljihu: fentin lambobinsu na ɗauke da sinadarin radiyam, ko ya daina walƙiya da dare yana nan yana cutarwa.