Kurakuran da aka fi yi wajen kashe tsallen wuta a fanel ɗin injina

Duk kwayil (naɗaɗɗiyar wayar da ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga), na kontakta ne (babban makunnin da ke kunna injin), na rile (ƙaramin makunni irinsa) ko na bawul, idan aka katse masa wuta ba ya yin shiru nan take. Kwayil mai volt 24 yana iya harba ɗaruruwan volt a daidai wannan lokacin. Wannan tsallen wutar ke sa PLC, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin, ya rikice, bakin rile ya ci wuta. Na gaji da ganin masu wayarin a Sakkwato suna cire PLC lafiyayye alhali laifin na kwayil ne.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne sa dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, ana liƙa shi a kwayil don ya shanye tsallen) a kwayil mai wutar AC. Dayod irin 1N4007 na DC ne kaɗai, gefensa mai zobe ya kalli tabbatacciyar waya. Wani yarona ya taɓa liƙa shi a kontakta mai volt 230 na AC a wata masana'antar casar shinkafa. Ana kunnawa dayod ya fashe, ya tafi da katin PLC, ni na biya daga aljihuna, mai injin kuma ya yi ta kirga buhunan da ba a casa ba. Haba jama'a, an rubuta AC ko DC a jikin kwayil ɗin, karantawa kawai! A AC ni rizista (mai rage gudun wuta) mai om 100 nake jerawa da kafasita (mai ɗan ajiye wuta) 0.1 µF ajin X2. Wasu sun fi son barista (mai shanye wutar da ta wuce kima) mai volt 275, amma yana tsufa da yawan bugu, zafin Afrilu a cikin fanel kuma ba ya raga masa.

Na biyu, wurin ɗaurawa. A bakin kwayil ake sa abin kashe tsallen, dayod ne ko waninsa, da gajerun ƙafafu. In ka kai shi can kusa da PLC, doguwar wayar da ke tsakani ta zama eriya tana watsa hayaniyar wutar ga wayoyin da ke maƙwabtaka da ita.

Dayod yana jinkirta sakin kontakta. Inda ake son tsayawa da sauri, nakan haɗa shi da zena, wani nau'in dayod da ke sa ya saki da wuri. Kar a cusa wayar sigina da ta mota (injin lantarki mai juyawa) a kwatar wayoyi ɗaya, in dole su haɗu su gitta juna. Daga inbata, na'urar da ke sarrafa gudun mota, zuwa motar a sa waya mai sulke, a damƙe sulken a ƙarshe biyu.

Sandar ƙasa kuwa, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don ya kwashe ɓataccen wuta, ƙasarmu bushewa take da rani, aikin sandar ya ragu. Wanda ya auna tasa a Agusta ya koma ya sake aunawa a Maris.