Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da wasan kwaikwayo ga ɗaliban sakandare da suka wuce matakin farko

Ɗalibin da ya shekara guda a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ya riga ya iya abu biyu: yana haddace kalaman da aka ba shi, kuma ƙafarsa ta daina rawa idan ya hau dandamali. Daga nan aikin malami yake canzawa, a nan kuma aka fi tuntuɓe. Ɗan aji huɗu ko aji biyar ba ya buƙatar a sake koya masa tsayuwa gaban jama'a. Abin da ya rage shi ne ya san abin da mutumin da yake kwaikwaya ke nema a wurin abokin wasansa, ya kuma iya sauraron amsar da ake ba shi.

Babban kuskure shi ne malami ya faɗa wa ɗalibi yanayin da yake son gani a fuskarsa. "Ka yi fushi." "Ki nuna baƙin ciki sosai." Sai yaro ya haɗe rai, ya zare ido, ya ɗaga murya, yarinya kuma ta rufe fuska da mayafi tana shessheƙar ƙarya. 'Yan kallo su tuntsire da dariya a inda ya kamata su yi tsit. Dalili kuwa, ba wanda yake yin fushi da gangan. Fushi yana zuwa ne idan an hana mutum abin da yake nema. To, abin neman za a ba ɗalibi.

Ɗauki fitowa ta mutum biyu, mai tsawon minti biyu zuwa uku. 'Ya ta zo wurin mahaifinta neman kuɗin rajistar jarrabawar NECO, gobe za a rufe, shi kuma ɗan abin da ke aljihunsa na taki ne. Yi wa yarinyar tambaya uku: me kike so, me ya tare miki hanya, da wace dabara za ki samu? Ta fara da lallashi, ta durƙusa: "Baba, sannu da hutawa." Bai ɗago kai ba, sai ta tuna masa alkawarin da ya yi bayan girbi. Hakan ma bai ci ba, sai ta ambaci 'yar maƙwabci da aka riga aka biya wa. Duk inda dabara ta canza, ta ja layi da fensir a takardarta, ta rubuta aikin da kalma ɗaya: lallashi, tuni, gori. Uku ko huɗu sun isa a fitowa irin wannan. Uban ma yana da abin nemansa, wato ya sallame ta ba tare da ya furta cewa ba shi da shi ba. Idan aka manta da nasa, fitowar ta zama ta mutum ɗaya.

Ɗan'uwan kuskuren faɗa wa ɗalibi yanayin fuska shi ne malami ya faɗi kalaman da bakinsa ya ce "haka za ka ce". Ɗalibi zai kwafi sautin, kuma ran da abokin wasansa ya canza wani abu, shi ba zai iya canzawa ba. Tambaya ta fi: "Wa kake gaya wa, kuma me kake so ya yi bayan ka faɗa?"

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari. Wasu malamai sun karanta cewa Stanislavski, masanin wasan kwaikwayo na Rasha da ya rasu a 1938, ya koyar da tuno abin da ya taɓa sosa zuciya don a samu hawaye na gaskiya, sai su ce wa yarinya 'yar shekara 15 ta tuna ranar da aka yi musu rasuwa. Kada a yi haka. A ajin mutum 40 akwai maraya, akwai mai yiwuwa wanda rikici ya raba da garinsu, kuma da an kaɗa ƙararrawa za su wuce darasin lissafi da abin da aka tono, babu mai rarrashi. Shi kansa Stanislavski daga baya ya karkata ga aikin jiki da ƙirƙirar tunani, kuma a kan haka ya ɗora Stella Adler, 'yar wasan kwaikwayo ta Amurka, lokacin da ta yi karatu a wurinsa a birnin Paris a 1934. Kalmar "da a ce" ta wadatar: da a ce ke ce, kuma kin san ƙawayenki duka an biya musu, me za ki yi da hannuwanki yayin da kike jira ya amsa?

Sai rashin sauraro. Za ka gane shi a ido: yaro yana kallon abokin wasansa, amma leɓensa na motsi, yana jiran kalmar ƙarshe don ya jefo tasa. Maganinsa atisayen maimaitawa da Sanford Meisner, malamin wasan kwaikwayo na Amurka, ya shahara da shi. A zaunar da mutum biyu fuska da fuska. Ɗaya ya faɗi abin da ya gani: "Kana murmushi." Ɗayan ya amsa: "Ina murmushi." Su yi ta maimaitawa har wani abu ya canza da gaske a jikin ɗayansu, sannan maganar ta canza. Minti biyu kowane zagaye. Makon farko dariya za ta yi yawa, a bar su, tana wucewa.

Murya kuma fim ya ɓata wa yara lissafi. Sun saba ganin jarumi yana magana ƙasa-ƙasa, sun manta akwai makirufo a saman kansa. Idan aka ce su ɗaga murya sai su matse maƙogwaro su yi ihu, kuma ihu yana cin Hausa fiye da yadda ake zato: karin sauti ya baje, dogon wasali ya gajarce, ɓ da ɗ da ƙ su ɓace, na bayan zaure ya ji hayaniya ba magana ba. A kwantar da su a tabarma, a ɗora littafi a kan cibiya. Su shaƙi iska ana ƙirga 4, littafin ya tashi, kafaɗa kada ta motsa, su fitar da sautin "sss" ana ƙirga 12, a riƙa ƙarawa har 20 cikin makonni. Sannan a tsayar da ɗalibi ɗaya a kujerar ƙarshe, ya ɗaga hannu duk lokacin da kalma ta kuɓuce masa. Yaron da muryarsa ke fashewa kada a tilasta masa sama ko ƙasa. Lokacin hunturu a tanadi ruwan ɗumi, da azumi kuma a rage aikin murya a ƙara na motsi.

Rabon matsayi ma yana da nasa tarko. Ɗalibi mai barkwanci kullum shi ake ba matsayin tsoho: a barbaɗa masa alli a ka, ya duƙa, ya riƙe ƙugu, ya yi tari. Wannan tsohon tashe ne, kuma a tashe ya dace, domin can ƙari ake so. A ajin da ya wuce matakin farko, a ba shi aikin gida ya lura da dattijo guda a majalisar unguwa, cikin ladabi: da wace ƙafa yake fara tashi, ina yake ajiye sandarsa, yaya yake jinkirta amsa. Ya kawo abu uku kawai. Zango na gaba a ba mai barkwancin matsayin da ba dariya a ciki, a ba mai kunya matsayin mai iko.

Mari da kokawa ba a barin yara su ƙirƙira da kansu. A marin dandamali hannu ba ya taɓa fuska: yana wucewa da tazarar kamar taƙi guda, wanda aka mara shi ke juya kai, ƙarar kuma tafi ne da shi ko wani yake yi inda 'yan kallo ba sa gani. A fara a hankali ƙwarai, kada a kai saurin gaske sai an yi sau goma babu kuskure. Wuƙa ta kwali ko katako ce. Batun taɓa jiki tsakanin maza da mata a yanke shi tun ranar farko tare da hukumar makaranta da iyaye. Tazara da kallo da shiru suna isar da kusanci ba tare da an taɓa kowa ba.

Lokaci shi ne abin da ya fi zubewa. A darasi mai minti 80, idan mutum biyu suna wasa 38 na zaune, yawancinsu sun tashi a tutar babu. A raba shi haka: minti 10 motsa jiki da murya, 15 atisaye ɗaya tak, 20 kowa da abokinsa suna gwaji lokaci guda a fili malami yana zagayawa, 25 rukuni uku su nuna, 10 tattaunawa. Bayan kowace fitowa gyara biyu kawai, kuma su sake yi nan take, domin gyaran da ba a gwada ba kafin mako ya zagayo an manta shi. Masu kallo su faɗi abin da suka gani, kamar "ta matsa baya lokacin da ya ambaci taki", banda "ya yi kyau" ko "bai iya ba". Idan kuma akwai wasan ƙarshen zango, ƙiyasin da masu sana'ar suka saba yi shi ne awa ɗaya ta gwaji ga kowane minti ɗaya na dandamali. Wasan minti 20 yana cin kusan awa 20, saboda haka a zaɓi gajere, a fara tun mako na biyu.