Yadda ake nazarin fada: jagora ga ɗalibin ilimin zamantakewa

Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da aka ba aikin nazarin ƙungiya ba sai ya je nesa ba. Kusan kowace unguwa a Maraɗi, daga Bagalam har Zariya, akwai fadar samari: benci ko tabarma, gawayi, butar shayi. Abin nema shi ne matsayin kowa, abin da ake tsammani daga gare shi, da fuskar da yake nuna wa mutane.

Kada ka je kai kaɗai. Nemi ɗan fadar ya gabatar da kai wurin shugaba, ka yi sallama, ka ba kowa hannu, ka fara da babba. Faɗa musu nazari ya kawo ka. In ka ɓoye suka gano daga baya, za a ce ɗan leƙen asiri ne, kowa ya kama bakinsa. Sukari da ganyen shayi na dala ɗari sun isa. Kuɗi a hannu kuwa kuskure ne: za a ɗauke ka ma'aikacin ƙungiyar agaji, daga nan sai koke-koke za ka ji.

A zama biyu ko uku na farko, bar littafi a aljihu. Rubuta abin da ka gani da zarar ka koma gida, kafin ka kwanta.

Bi kofin shayi da ido. Wa ke fifita gawayi? Wa ake miƙa wa na farko? Wa ke riƙe da asusu, wa ke raba gardama? Ralph Linton, masanin al'adun ɗan Adam, a 1936, ya bambanta matsayin da aka haifi mutum da shi, kamar gidan da ya fito, da wanda ya samu da guminsa, kamar karatu ko kasuwanci. A fada za ka ga suna gogayya. Sau da yawa shugaba suna kawai gare shi, wanda ake saurara shi ne mai safara zuwa Jibiya da Katsina, mai sayen sukari. Lura kuma da lokacin da matsayi biyu suka yi karo a kan mutum ɗaya: ma'aji da yayansa bai biya zubi ba, ko ɗan kabu-kabu da aboki ya hau babu zancen kuɗi.

Ƙirga mutane duk lokacin da hira ta canza. Georg Simmel, masanin ilimin zamantakewa, ya nuna cewa zuwan na uku yana sauya zaman mutum biyu, don yanzu ana iya haɗe wa ɗaya kai, ko ɗaya ya zama mai sulhu.

Inda aikin ya fi daɗi shi ne batun fuska. Erving Goffman, shi ma masanin ilimin zamantakewa, a 1959, ya ce kowa yana da wurin nuna kansa da wurin sakin jiki, kamar zaure da cikin gida. Jira liman ko surukin wani ya gitta. Murya ta sauka, taba ta ɓace a bayan benci, mai zagi ɗazu ya rusuna yana "Barka da yamma, Malam". Kada ka rubuta munafunci, wannan hukunci ne, ba lura ba. Rubuta wa ya zo, me ya canza, minti nawa kafin a koma yadda ake. Duba kuma yadda ake rufa wa juna asiri: in an kama wani da ƙarya, wa ya yi saurin kawo zancen ƙwallo?

Sabon ɗalibi yakan ji Bafulatani da Babarbare suna cin mutuncin juna ya rubuta rikici, alhali wasan taubasantaka ne. Tambayi wanda ya kawo ka, amma bayan an watse. A rahoto, canza sunayen mutane da na fadar kanta, har da layin da take.