Yadda Ake Ɗaukar Hoton Haƙori Lafiya Lau

Masu ta tambayata yadda ake ɗaukar hoton X-ray na haƙori, musamman sabbin ma'aikata, to ga matakan nan:

1. In mace ce, tambaye ta ko tana da juna biyu, likita ya sani tukuna.
2. A cire tabarau da haƙoran roba.
3. Saka fim ɗin (ɗan faifan da hoton ke fitowa a kai) a mariƙinsa, mutum ya cije.

Hattara, nan ake yawan tafka kuskure! Don Allah kar ka riƙe fim da yatsanka, wanda ake ɗauka sau ɗaya zai sha hasken X-ray ɗin, kai ko kullum kana wurin, illar hasken taruwa take yi a jikinka.

4. Saita bakin injin daidai kan fim.
5. In yaro ne, rage lokacin hasken.
6. Koma bayan bango, in babu ka ja baya mita 2, ta gefe, ba inda bakin injin ke kallo ba.
7. Ce masa kar ya motsa.
8. Danna maɓalli.